Ranar da na je fita daga ƙasata

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Graz, a ƙasar Ostiriya, ina aikin walda. Na ci jarrabawar Jamusanci, harshen ƙasar, a matsakaicin mataki da ake kira B1, na ci ta tarihi da tsarin mulkin ƙasar, ban taɓa cin ko kwabon tallafin gwamnati ba. Ranar da wasiƙar ta zo cewa an amince a ba ni shaidar zama ɗan ƙasa, sai da na yi nafila raka'a biyu. Amma akwai sharaɗi a ƙasan wasiƙar: cikin shekara 2 in kawo hujjar cewa na bar ƙasata ta asali. Su a nan ba a riƙe biyu, sai a wasu lokuta ƙalilan da ba su shafi mai walda irina ba.

Abin haushin, Najeriya ba ta kore ni ba. Sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar wanda aka haifa ɗan ƙasa ya ɗauki wata ƙasar ya ƙara, babu abin da zai rasa. Wani abokina yana Munik ta Jamus, nan maƙwabta, tun da ƙasar ta sauya dokarta a watan Yunin 2024 ya haɗa fasfo biyu a aljihu ɗaya yana ta yi mini dariya. Ni kuwa sai na bi sashe na 29, in rubuta da hannuna cewa na fita, takardar ta tafi Abuja, a yi rajistarta da yardar shugaban ƙasa.

Kuma kafin ka fita sai ka tabbatar kana ciki. Na sa ƙanena ya je sakatariyar ƙaramar hukumarmu ya karɓo mini takardar shaidar asali, bayan mai unguwa ya shaida cewa ni ɗan gidan wane ne. Na ce masa fasfo zan sabunta. Ƙarya ta farko ke nan.

Na hau jirgin ƙasa na asuba, awa biyu da rabi zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya. A ɗakin jira na ofishin jakadancin Najeriya na tarar da wani dattijo da hula zanna bukar da carbi, kusan sa'ar marigayi Baba. Wata nawa rabona da in yi Hausa da mutum ido da ido! Na durƙusa na gaishe shi.

"Sannu ɗana, daga ina a gida?"

Na faɗa masa. Ashe ya yi ciniki a kasuwar garinmu shekaru da dama, har ya san layin masu hatsi inda Baba ya zauna. Ya ciro goro daga aljihu, ya ɓantara mini. Goro, a Biyana! Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce sabunta fasfo. Ƙarya ta biyu.

"To kawo in duba maka, kada ka je taga su ce wani abu bai cika ba. Ka haɗa da lambar NIN?"

Kafin in yi wata dabara ya zare fayil ɗin daga cinyata. Ya sa tabarau. Ina kallon yatsansa yana bin kan layin farko a hankali, har ya tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya rufe fayil ɗin, ya daidaita gefen takardun, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Allah ya sa hakan ne mafi alheri, Malam."

Malam. Minti biyar da suka wuce ɗansa ne ni. Goron nan ya tsaya mini a maƙogwaro. Na ce zan fita in amsa waya, ban koma ba. Na yi ta yawo a bakin ruwan Danub cikin sanyi har lokacin jirgina ya yi.

Wani lokaci zuciyata takan ce, ina ruwansa? Shi ya biya wa ƙannena kuɗin makaranta? Shi ya rufa wa Hajiya ɗaki da kwano? Da jan fasfon nan zan yi zaɓe a ƙasar da nake biya wa haraji, 'ya'yana su yi aiki duk inda suka so a Turai. Sai dare ya yi kuma in tuna cewa duk ranar da aka kira ni aka ce jikin Hajiya ya tsananta, sai na nemi biza kafin in shiga gidan da aka yanke mini cibiya.

Hajiya ba ta sani ba har yau. Yaya Babba ne ya fara zargi, don shi ba a ɓoye masa abu. Ya kira ni ya ce, "Kai, mece ce gaskiyar takardar nan?" Na yi shiru. Ya ce to gonar bayan gari dai ba a raba ba, kuma rabonka yana nan, sai dai ka faɗa wa tsohuwa da bakinka. Jiya ta aiko mini saƙon murya ta wayar jikarta, tana cewa an yi ruwa mai kyau bana, gero ya fara fitar da kai, in zo da yara kafin azumi su ga dangi.

Saura wata goma sha huɗu wa'adin ya cika. Fayil ɗin yana saman firij.