Kafin ka hau gadar Ngeli: takardu, hatimi da shingen hanya

Wanda zai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri ta Kamaru zuwa Njamena, babban birnin Cadi, rabin wahalarsa tun daga gida ake kashe ta. Kamaru da Cadi duk 'yan ƙungiyar CEMAC ne, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, don haka ɗan Kamaru ba ya buƙatar biza. Katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo ya isa, muddin wa'adinsa bai ƙare ba. Takardar wucin gadi da ake ba mai jiran sabon kati kuwa, ba kowane jami'i ke kallonta da daraja ba, musamman in ta sha ninki har rubutun ya dushe.

Sai katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa. Allurar tana fara aiki ne bayan kwana 10, saboda haka kar a bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda aka ce masa katinsa ya tsufa, ya faɗi haka cikin ladabi. Katin da ake saya a tasha ba tare da allura ba, ban da haɗarin cutar, takardar jabu ce, kuma laifi ne mai zaman kansa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne hatimi. Mai tafiya da fasfo hatimi biyu yake nema: na fita a gefen Kamaru, na shiga a gefen Cadi. Ɗan babur zai ce maka, “Alhaji, zauna kawai, sun san ni.” Shi suka sani. Za ka wuce lafiya lau, sai ranar dawowa, ko a wani shinge can cikin ƙasa, jami'i ya buɗe fasfo ya ga babu alamar ta inda ka shigo. A nan ba ka da bakin magana, don a idon doka ka shigo ta ɓarauniyar hanya. Sauka da ƙafarka, ka miƙa takardarka da hannunka, kuma kafin ka bar tagar ka duba kwanan watan da aka buga, don wani lokaci akan manta a juya lambar hatimin. Baƙon da ya shiga Cadi da fasfo kuma ana so ya yi rajista a ofishin 'yan sandan shige da fice cikin awa 72. A tafi da hotuna ƙanana biyu.

Mai mota yana da ƙarin kaya: lasisi, takardar mallakar mota, inshorar CEMAC mai katin ruwan hoda, da takardar izinin shigar da mota daga duwan, wato kwastan. In motar ba da sunanka take ba, ka riƙe rubutaccen izinin mai ita.

A shinge, a san wa ake magana da shi. Duwan kaya suke dubawa, 'yan sanda da jandarma mutum da takardunsa. Kashe waƙa, cire tabarau, kunna fitilar ciki in dare ne, ka fara gaisuwa kafin a tambaye ka. “Ranka ya daɗe” ko “shef” ba ya rage wa kowa komai, kuma kalma biyu na Larabcin Cadi suna sassauta fuska fiye da dogon Faransanci. Abin da aka tambaya shi za a amsa. Waya ta zauna a aljihu: ɗaukar hoton gada, bariki ko fadar shugaban ƙasa yana iya jawo ƙwace wayar da zaman ofis na yini.

In aka ce akwai tara, tambayi laifin, sannan ka nemi rasit mai hatimi. Sau da yawa wannan tambayar kaɗai takan sauya zancen. Kada ka fizge takardarka, kada ka ɗaga murya. Riƙe sunan wurin da lokacin a ka. A gefen Kamaru ana kai ƙarar neman cin hanci ga CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, ta lambar waya 1517. In abin ya kai ga tsarewa a ƙasar da ba taka ba, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba ka damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku, kuma kar ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ita da harshen da kake ji ba.

Saƙon da aka ba ka a tasha, a kwance shi a gabanka kafin ya shiga jakarka. Magani irin su taramol, in babu takardar likita, a bar shi a gida.