Askirim ba tare da madarar shanu ba: yadda nake haɗa shi a gida

Mutum biyu ne suka sa na koyi haɗa askirim maras madarar shanu, kuma larurarsu ba iri ɗaya ba ce. Maigidana in ya sha madara, kafin awa biyu cikinsa ya kumbura, sai ƙugi da murɗa, wani lokacin har da gudawa. Ita kuwa 'yar ƙanwata, ko cokalin da ya taɓa madara aka sa mata a baki sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓɓanta su kumbura. Mutane na haɗa su a kwando ɗaya su ce "madara ba ta karɓe su ba", amma bambancin da ke tsakaninsu shi ne farkon abin da duk mai shiga kicin domin irin waɗannan mutane ya kamata ya riƙe.

Na maigidan matsalar narkewa ce. A cikin madara akwai wani sukari mai suna laktos, hanji kuma yana buƙatar sinadarin laktes kafin ya narkar da shi. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya wannan sinadari yana raguwa a jikinsu bayan yarinta, don haka abin ba baƙo ba ne. Irinsu sukan iya jure ɗan kaɗan, kuma madarar da aka cire wa laktos tana yi musu daidai. Na yarinyar kuwa alaji ne. Garkuwar jikinta ce take yaƙar furotin ɗin madarar, kuma wannan furotin yana nan daram a madarar da aka cire wa laktos. Alaji yana iya kaiwa ga toshewar numfashi, shi ya sa ba a gwaji da shi, ba a cewa "ɗan ɗanɗana mu gani".

To, da ka cire madara daga askirim me ka cire? Ka cire maiƙo, ka cire furotin mai riƙe iska da kauri, ka cire wani ɓangare na sukari. Abin da ya rage ruwa ne, ruwa kuwa in ya shiga firiza ƙanƙara yake zama. Duk aikin mai haɗa askirim bai wuce hana ƙwayoyin ƙanƙarar nan girma ba. In sun tsaya ƙanana ƙwarai harshe ba ya jin su, sai santsi kawai. In suka girma sai ka ji garas-garas kamar kana tauna yashi mai sanyi.

Ayaba ce hanya mafi sauƙi, kuma da ita nake ba kowa shawarar ya fara. A samu wadda ta nuna sosai har ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, a ɓare, a yanka ƙanana, a baza a faranti kada su manne da juna, a sa a firiza ta kwana. Da safe a zuba a bilenda. Da farko za ta farfashe ta zama burbushi, har mutum ya ɗauka abin ba zai yiwu ba. A tsaya a kankare gefen, a ci gaba. Can sai ta haɗe lokaci ɗaya ta zama fara-fara mai laushi. Ayaba tana da sukarinta, tana da sitaci da sinadarin fektin masu kama ruwa, shi ya sa ba ta buƙatar komai. Ɗan matsin lemon tsami yana hana ta yin duhu. Babban aibinta shi ne: duk abin da ka zuba a ciki, ko garin koko na cakulan ne ko kirfa, ɗanɗanon ayabar yana nan bai tafi ba. Kuma ta sha nan take ce, in ta koma firiza ta kwana sai ta ƙame.

Wanda ya fi kama da askirim na gaske shi ne na madarar kwakwa, kuma nan na fi daɗewa ina wasa da ma'auni. Ta gwangwani mai cikakken maiƙo ake so, wadda maiƙonta yake kusan kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari. Ta kwali da ake sha kamar ruwa ba ta da amfani a nan, yawancinta ruwa ne. Domin kwatanci, a Amurka doka ba ta yarda a kira abu askirim ba sai maiƙon madararsa ya kai kashi 10 cikin ɗari, ka ga kwakwa ta wuce wannan da nisa. Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne gwangwani biyu masu mililita 400, sukari giram 150, sitacin masara cokali biyu, da ɗan gishiri a tsinin yatsu. Ina dama sitacin da ɗan madarar mai sanyi, in ɗora sauran a wuta kaɗan-kaɗan da sukarin, in zuba damammen ina juyawa har ya yi kaurin da zai lulluɓe bayan cokali. Sitacin ne yake maye gurbin aikin da furotin ɗin madara da gwaiduwar ƙwai suke yi.

Kwakwa tana da wani hali nata. Man kwakwa yana daskarewa da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24, saboda haka in haɗin ya huce sai ka ga ƙananan gudaji na mai suna yawo a sama. In aka daskarar da shi a haka, gudajin nan za su riƙa mannewa a dasashi. Maganin shi ne a markaɗa haɗin a bilenda yana da ɗumi, sannan bayan ya kwana a firji a sake kaɗa shi kafin ya shiga firiza.

Yanzu maganar sukari, wadda ita ce mutane suka fi yi mini gardama a kanta. Duk wanda ya ji "ba madara" sai ya ɗauka abincin masu rage ƙiba ne, ya ce a rage sukarin ma. Amma sukari a askirim ba don zaƙi kaɗai yake ba. Shi ne yake sauke matakin daskarewar ruwa, har ya zama ko a digiri 18 ƙasa da sifili, inda firizar gida take tsayawa, wani ɓangare na ruwan bai daskare ba. Wannan ɓangaren ne yake barin cokali ya shiga. Ka rage sukari da rabi, ka samu dutse. Ga shi kuma sanyi yana dushe ɗanɗano, don haka haɗin da ya yi daidai a baki yana da ɗumi, lami zai fito bayan ya daskare. Ni nakan bar shi ya ɗan zarce zaƙin da nake so. Zuma ta fi sukarin gida ƙarfin hana daskarewa, cokali biyu nata a madadin wani ɓangare na sukarin suna ƙara laushi sosai. Sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, kuma masu kumburin ciki daga sukarin 'ya'yan itatuwa ita ma takan tayar musu.

A na 'ya'yan itace zalla, wanda babu maiƙo ko kaɗan, sukarin ne yake ɗauke da nauyin duka. Ana so ya kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na haɗin, har da wanda ɗan itacen ya zo da shi. Mangwaro ya fi kowa ba da haɗin kai domin namansa mai kauri ne. Kankana kuwa sama da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, na daina ƙoƙarin mayar da ita mai santsi. Ina zuba ruwanta a faranti, in riƙa kankarewa da cokali mai yatsu tana daskarewa, ta fito warwar, kuma a haka ta fi daɗi.

Ba ni da injin askirim, kuma ban ga ya zama dole ba. Aikin injin biyu ne, ya daskarar da sauri, ya kuma riƙa juyawa don iska ta shiga. Askirim na kanti wani kusan rabinsa iska ne, shi ya sa yake da sauƙi a cokali, na gida kuma ya fi nauyi. Ina zuba haɗin da ya riga ya yi sanyi a faffaɗan mazubi na ƙarfe, in fito da shi duk bayan rabin awa in bubbuge, musamman gefen da ya fara kamawa, har tsawon awa uku ko huɗu. Ranar da ba ni da wannan haƙurin sai in daskarar da shi a farantin ƙanƙara mai gida-gida, in markaɗa dunƙulen a bilenda. Akwai kuma tsohuwar dabarar gishiri da ƙanƙara: kashi ɗaya na gishiri a kashi uku na fasasshiyar ƙanƙara yana iya sauke sanyi zuwa kusan digiri 21 ƙasa da sifili. A zuba haɗin a leda mai zif, a saka ta cikin babbar leda mai ƙanƙarar, a yi ta girgizawa kamar minti goma. Da wannan dabara injin hannu da Nancy Johnson ta yi wa rajista a Amurka a 1843 yake aiki. Yara sun fi son wannan, amma a naɗe hannu da tawul.

Kashu da aka jiƙa aka markaɗa yana ba da santsin da ya fi na kwakwa, kuma ba shi da ƙamshi mai rinjaye. Na daina amfani da shi in ban san duk wanda zai sha ba, domin yana cikin abubuwan da alajinsu ya fi tsanani. Haka madarar waken suya, haka gyaɗa, haka ƙwai. Madarar hatsin ot kuma takan gauraya da alkama tun daga gona ko masana'anta, wanda ba ya cin gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama, sai ya nemi wadda aka rubuta babu shi. Abin da ya kuɓutar da wani shi yake kwantar da wani, don haka kafin in kunna bilenda nakan tambaya: me da me ne ba ka ci?

Karanta bayan kwali ya zame mini jiki. Madara takan ɓuya a ƙarƙashin sunaye irin su "casein", "caseinate" da "whey". Garin da ake zubawa a shayi a madadin madara, wani yana ɗauke da "sodium caseinate", wanda daga madara aka ciro shi. Baƙin cakulan ma sau da yawa akwai madara a ciki, ko kuma an sarrafa shi a injin da ake yin mai madara, shi ya sa na koma garin koko zalla. In kwali ya ce "yana iya ƙunsar madara", maigidan zai sha lafiya lau, yarinyar kuwa ba na ba ta. Ranar da zan yi nata nakan kwance bilendar gaba ɗaya, har robar da ke ƙarƙashin wuƙar, in wanke da sabulu da ruwan zafi. Mazubinta da cokalinta daban suke, da alama a murfin.

Wajen ajiya kuma, askirim ɗin gida ba shi da sinadaran da kamfanoni suke sawa don ya daɗe. Duk lokacin da ya ɗan narke ya sake daskarewa, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara suna haɗewa su zama manya, saboda haka can ƙuryar firiza nake tura shi, nesa da ƙofa. Ina shimfiɗa leda ta manne da fuskarsa kafin in rufe, kuma a ƙananan robobi nake rabawa don kada a riƙa fito da duka saboda mutum ɗaya. In ya narke gaba ɗaya, misali wuta ta ɗauke ya kwana, ba na mayar da shi. Na kwakwa yana riƙe kyansa kamar mako ɗaya zuwa biyu, kuma kafin a ɗiba sai ya yi minti goma zuwa sha biyar a firji.