Kaburbura biyu a Maijirgi

Da asuba na bar gida a unguwar Mokoyo, ɗan kabu-kabu ya sauke ni a tashar motocin Damagaram tun gari bai gama wayewa ba. Watan Yuli ne, an kwana ana ruwa, ƙasa sai ƙamshi take yi. Na ce wa ɗan kamasho Maijirgi za ni, ya tambaye ni ko biki ake. Na ce ziyarar kabari ce. Ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi, Malam." Na ce amin a kan waɗansu mutane daban, domin waɗanda zan je in gani ba su cikin wannan addu'a.

Abin da ya tashe ni tsohon labari ne na gidanmu. Kakata ta wajen uwa mutuniyar ƙasar Konni ce, aure ya kawo ta Maraɗi. Idan dare ya yi muna yara, takan ba mu labarin shekarar da Nasara suka ƙone birni. Mahaifiyarta tana yarinya a lokacin, aka tura ta cikin rumbu aka rufe, ta kwana biyu tana jin ihu da ƙaurin hayaƙi. Da ta fito ba ta ga ƙanwarta ba. Waɗanda suka tsira suka ce sun hange ta cikin jerin matan da aka ɗaure da igiya aka yi gabas da su. Kaka ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, nan take tsayawa ta ce mu kwanta. Da na shiga lakwal, mushe ya rubuta mana sunaye biyu a allo, Voulet da Chanoine, da shekara 1899, muka haddace don jarrabawa. Sai da na girma na gane labarin kaka da rubutun allon nan abu ɗaya ne.

Mota ta cika muka ɗauki gudron. Caduwa, Agye, Gazawa, hatsi ya kai gwiwa ko'ina, mata da yara sun duƙufa noma. Wannan babbar hanya da ta taso daga Yamai ta bi ta Dogon Dutsi da Konni ta nufi Damagaram, kusan a kan sawun ayarin sojan Faransa da Voulet da Chanoine suka jagoranta aka shimfiɗa ta, kuma mu da muke binta kullum ba mu cika tunawa ba. Idona ya riƙa sauka a kan itatuwan gawo. Kowa ya san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, sauran itatuwa na kore shar shi yana tsaye tsirara. A wata irin wannan ne Kanal Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta turo ya tsayar da su, ya ratsa wannan ƙasa yana bin garuruwan da suka zama toka. A Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata ƙanana biyu a rataye a reshe. Tun da na tuna da haka ban ƙara iya kallon rassan nan da sakin zuciya ba.

Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ba baƙin ta'asa ba ne, su ne suka ci Wagadugu da wuta a 1896. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898. Aka ba su aikin isa Tafkin Cadi, aka ba su bindigogi da harsashi, amma guzuri da kuɗin biyan mutane ba su taka kara sun karya ba. Yawancin sojojinsu 'yan sa-kai ne da aka ɗebo bisa alkawarin ganima da bayi, ga ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo ƙarfi da yaji. Kullum ayarin ƙaruwa yake da matan da aka kame da shanun da aka kore. Taro irin wannan idan ya sauka a ƙauye, rijiya ƙafewa take a yini ɗaya, rumbu kuma ya koma fanko. Ga yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a watan Yuni na 1898, wadda ta zagaye Sakkwato da iyaka ta bar wa Faransawa hanyar arewa mai ƙarancin ruwa. Wannan duk yana bayyana dalilin yunwarsu da ƙishirwarsu. Bai bayyana dalilin da zai sa a rataye ɗan jagora da ransa, ƙafafunsa kusa da ƙasa don kuraye su samu, ko a ce soja ya kawo yankakken hannu shaidar ya cika umarni ba. Waɗannan abubuwa ba tatsuniyar tsofaffinmu ba ce, suna cikin bayanan da mutanensu da kansu suka bayar.

A watan Janairu na 1899 suka kashe mutum 101 a Sansane Hausa, bakin kogin Kwara. Ranar 16 ga Afrilu suka gamu da maharban Sarauniya Mangu a Lugu, suka sha kibiya kafin su ci garin. Ranar 8 ga Mayu suka faɗa wa Birnin Konni. A ranar ne aka rufe mahaifiyar kakata cikin rumbu.

A Tasawa muka tsaya aka sauke kaya, na sayi fura na sha a tsaye. Daga nan zuwa Maijirgi tafiya kaɗan ce. Na sauka bakin hanya wajen masu shayi, na yi sallama, na faɗi abin da ya kawo ni. Ba wanda ya yi mamaki. Aka haɗa ni da wani yaro ya kai ni wurin wani dattijo da ke zaune a zaure yana gyaran ƙotar hauya.

"Baba, ina wuni, ina gajiya."

"Lafiya lau, ɗana. Daga ina?"

Na ce daga Maraɗi, amma zancen da ya kawo ni daga Konni ya taso. Ya ajiye hauyar ya dube ni da kyau, sannan ya ce, "To, kai mai gaisuwar mutuwa ne, ba ɗan kallo ba. Tashi mu je."

Kaburburan biyu ne, na Voulet da Chanoine, an ɗaure su da siminti irin na Nasara, rana da ruwa sun ci su. Awaki na kiwo a gefe. Na yi zaton idan na gan su zuciyata za ta tafasa, amma abin da na ji wani sanyin jiki ne, kamar wanda ya yi tafiyar shekara talatin ya iske mai gidan ya fita. Dattijon ya tsuguna nesa kaɗan, bai matso ba.

Yadda ƙarshensu ya zo sananne ne. Wani laftanan mai suna Peteau da suka kora daga ayarin ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa ya zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun manya a Faris, shi ne aka tashi Klobb. Ya yi ta bin sawunsu da sojoji kaɗan har ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa. Ya hana mutanensa harbi, ya nufi Voulet a kan doki. Voulet ya sa aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, Laftanan Meynier da ke tare da shi ya samu rauni. Daga nan Voulet ya shaida wa abokansa cewa shi ya fita daga Faransanci, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa. Sojojin da ya ɗauka tamkar karnukan farautarsa suka fahimci ba za su sake ganin gida ba. Ranar 16 ga wata suka harbe Chanoine, washegari mai gadi ya harbe Voulet yana ƙoƙarin komowa sansani.

Na tambayi dattijon ko gaskiya ne babu kowa a ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce haka ya taso ya ji ana faɗi. Maganar tana da tushe. A 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka da ke Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone kaburburan, aka iske su wayam. Daga nan zance ya yaɗu kala-kala, har da masu cewa Voulet bai mutu ba, ya tsere arewa ya ƙare rayuwarsa cikin duwatsun Tibesti. Marubutan Turai sun ƙaunaci wannan almara, sun yi ta juya ta. Ni kuwa da na tsaya a wurin sai na ga tambayar ta yi mini ƙanƙanta. Mutum biyu da suka hallaka dubbai suna da wurin da za a nuna da yatsa, ko da ramin banza ne, har wani ya damu ya tona ya duba ko suna nan. Ƙanwar mahaifiyar kakata fa? Wa ya taɓa tona ƙasa yana nemanta? Mutanen Konni da aka zuba a ramuka da rijiyoyi, wa ya ɗaure musu siminti?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ayarin bai watse ba bayan mutuwarsu. Sauran hafsoshin suka ja shi gaba, a ƙarshen watan nan na Yuli suka ci Damagaram, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin ayarin, da Meynier suka kai Tafkin Cadi, suka haɗu da sauran rundunonin Faransa aka kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Ƙasar da aka ci da wannan jini ba a mayar wa kowa ba. A Faris wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya nemi majalisa ta yi bincike aka ƙi, binciken ma'aikatar kuma aka rufe shi a 1902 da cewa zafin ranar Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wato laifin ma na ranarmu ne. Kakannina a ƙarƙashin wannan rana suka yi noma duk rayuwarsu, ba su rataye ɗiyar kowa ba.

Na gaya wa dattijon labarin rumbu da igiya. Ya ce cikin matan da aka jawo, akwai waɗanda aka watsar a garuruwan hanya, suka yi aure suka haihu, jikokinsu na nan ba su san daga inda kakarsu ta fito ba. Ya ce, "Wa ya sani, ɗana, ko furar da ka sha a hanya 'yar'uwarka ce ta dama." Muka juya wa kaburburan baya, muka fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu muka yi fatiha ga waɗanda ba su da kabari. Na ba shi goro, ya karɓa ya sa albarka, ya ce hadari na haɗowa, in hanzarta.

Ruwa ya kama mu tun kafin Gazawa, direba ya rage gudu, kowa ya yi tsit. Na kira mahaifiyata na ce mata daga Maijirgi nake. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Na tambaye ta ko kaka ta taɓa faɗa mata sunan yarinyar da aka tafi da ita. Ta ce ta faɗa, har da sunan unguwarsu da na mahaifinsu.

"Gobe bayan azahar ka zo da takarda da alƙalami," in ji ta. "Kada ka makara."