Mako na shida da danƙon amya a turken 'yan raguna

'Yan'uwa masu koyon kiwo, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana a gwajin danƙon amya, wanda Turawa ke kira furofolis. Raguna takwas na ɗaure, huɗu ina sa musu a abinci, huɗu ban sa ba.

Ga wanda bai san shi ba, ƙudan zuma ne ke ɗebo ƙaro daga tohon itatuwa da ɓawonsu, su cuɗa da kaki, su liƙe duk wata kafa da ke jikin amya. Kusan rabinsa ƙaro ne, wajen kashi 30 cikin 100 kuma kaki. Yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, shi ya sa masu bincike suka waiwaye shi, musamman tun da Tarayyar Turai ta hana zuba maganin ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙiba a 2006. Fatan da ake yi shi ne ya danne ƙwayoyin tumbi masu ɓarnatar da furotin su mai da shi amoniya, sai abin da rago ya ci ya fi zama nama.

Wajen haɗawa na sha wuya. Ranar farko na jefa shi a turmi da ɗuminsa, ya kama taɓarya kamar cingam, na kwana biyu ina kankarewa da wuƙa. Daga baya na bar shi ya kwana a firiza, da safe bugu ɗaya ya tarwatse kamar kwalba. Ruwa ba ya narkar da shi, sai sinadarin itanol, wani nau'in sifirit, mai ƙarfin kashi 70. Na jiƙa garin a kwalba mai duhu mako biyu, kullum in girgiza, sannan na tace da kyalle. Don Allah kada wani ya ɗauko sifirit ɗin ƙona fitila ko na goge-goge, akwai metanol a ciki, guba ce.

Sai kuma ragunan suka nuna mini nasu halin. Na yayyafa a dusa na miƙa nan take, suka sunsuna, babban cikinsu ya yi atishawa ya juya mini baya. Yanzu da daddare nake yayyafawa, in baza dusar a faranti ta sha iska har warin ya fita, kuma da ɗigo kaɗan na fara kafin na ƙara. Suna cinyewa tas.

To, ya batun ƙiba? Idona ya ce masu danƙo sun fi cika, har na fara yi wa kaina kirari. Da na buɗe littafin awo sai na ga laifina: tun ranar rabo, manya biyu a ɓangarensu na sa. Abin da kowane ɓangare ya ƙara a sikeli kusan ɗaya ne. Cikin masu danƙo dai babu wanda ya yi zawo, a ɗaya ɓangaren rago guda ya yi zawon kwana biyu, amma rago ɗaya bai isa hujja ba. Gaskiya ban ga abin da zai sa in ce muku ku bazama neman danƙo ba tukuna, balle ma ƙarfinsa ya danganta da itatuwan da ƙudan suka ziyarta. Koren danƙo na Burazil daban, na Turai daban.

Zan ci gaba har mako na goma sha biyu, awo kowace Asabar da sassafe kafin su ci komai. Wanda zai gwada a cikinku, ya auna ragunansa tukuna, sannan ya raba su.