Kunkurun da ba ya ɓuya a ƙoƙonsa

Tun da na dawo Auyo kowa tambayata yake yaya Zanzibar, ni kuwa bakina ba ya wuce kogon nan. Rami ne cikin dutse a bakin teku, ruwan gishiri na kutsowa ta ƙarƙashi, in teku ta cika ya hau, in ta janye ya sauka. A nan ake jinyar kunkurun teku da suka maƙale a komar masunta, in sun warke a mayar da su gida.

Na faɗa ciki ina taƙama da iyon da na koya a kogin Haɗeja. Ina miƙa ciyawar teku ke nan, wata ƙatuwa, bayanta ya fi faifan Inna faɗi, ta taso ta gogi cikina da hannunta. Wallahi sai da na saki salati, na kwankwaɗi ruwan gishiri, wani Bature yana ta dariya.

Jiya a majalisa na nuna wa Kawu hoton. Ya ce, "Kai yaro, ai kififfiya ce." Na ce, "Kawu, wannan ko kanta ba ta iya mayarwa cikin ƙoƙo." Ya daɗe yana duban wayar, sannan ya ce, "To, ana cin ta?"