Ayarin hatsin da ya sha da ƙyar a teku

Jiya a Tudun Hatsi nan Gombe muna jiran a gama lodin masara, wani direban tirela yake ba mu labarin shekarun da sai da rakiyar soja ake bin wasu hanyoyin Borno, wai abin da ya fi cin rai shi ne jira, motarka lafiya lau amma dole ka bi saurin wata akwala da ke gaba. Sai na ce masa ai Turawa sun sha wannan a teku, zamanin jiragen katako da babu inji sai iska.

A 1794 yunwa ta kama Faransa, ga juyin juya hali ga damina ba ta yi kyau ba ga yaƙi da Ingila. Sai suka sayi hatsi a Amurka, aka loda jirage sama da 100, suka taso a watan Afrilu kamar ayarin fataken Gwanja. Madugun nasu sunansa Van Stabel. Ingila ta tura kwamandan jiragen yaƙinta Lord Howe ya tare su, Faransa kuma ta fito da nata jiragen yaƙi daga tashar jiragen ruwanta ta Brest, amma su ba nasara suka fito nema ba, so suke kawai su ja hankalin Howe nesa da hanyar hatsin.

Ranar 1 ga Yuni aka gwabza a cikin tekun Atlantika, igwa ta yi ta tashi, Faransa ta rasa jirage 7, an kame 6 ɗaya ya nutse, mutane dubbai suka mutu ko aka kama. A Landan aka yi ta shagali, har Sarki George na uku ya je da kansa ya ba Howe takobi. To amma ina hatsin? Ya shige ta bayan fage, wajen 12 ga Yuni ya isa Brest. Ni dai a matsayina na ɗan kasuwa wallahi Faransa na ba wannan wasan, an turo ka tare buhu ka dawo da jirgi, wa zai tuƙa tuwo da jirgi?

Ba kullum ayari ke sha ba fa. A Agustan 1780 jiragen Sifen ƙarƙashin Luis de Córdova sun afka wa ayarin Ingila mai jirage 63 suka kwashe 55 a rana ɗaya, 'yan rakiyar uku ne kacal kuma suka ranta a na kare. Asarar ta kai fam miliyan ɗaya da rabi, masu inshora a Landan suka ji a jikinsu, shi kuma shugaban rakiyar, John Moutray, sai da ya tsaya gaban kotun soja.

Direban ya yi dariya ya ce to shi mai kayan wa ya biya shi? Na ce wanda ya yi inshora. Ya girgiza kai, ya tashi ya je duba ko an ɗaure tamfol ɗinsa.