Inda aka kwana a gyaran sunayen waƙoƙi

'Yan'uwa masu ɗawainiyar gyara sunayen waƙoƙi da na mawaƙa a cikin fayilolin MP3, ga inda na kai: foldar ƙasidu da waƙoƙin Larabci ta kammala, ta waƙoƙin gida kuwa da sauran rina a kaba.

Haruffa ne suka fi cin lokaci. Mu nan Jidda kayanmu kashi biyu ne, na Larabci da ake kwafowa a shagunan waya, da na Hausa da dangi ke turowa ta WhatsApp ko alhazai su zo da su a memori. Da yawa cikin na Larabcin tsohon tsarin adana sunan waƙa da na mawaƙi ne a jikinsu, ID3v1, na shekarar 1996. Bayit 128 ne kacal a wutsiyar fayil, sunan waƙa ba ya wuce harafi 30, kuma babu inda yake faɗa wa kwamfuta da wane tsarin rubutu aka yi shi. Shi ya sa alif da lam da aka rubuta da Windows-1256, tsarin haruffan Larabci na Windows, suke fitowa Çá. Namu ma bai tsira ba, don tsohon tsarin bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Ka rubuta Ƙasida, ka buɗe ka tarar da ?asida.

Da Mp3tag, manhajar gyara bayanan waƙoƙi, na yi maganin abin. A cikin Actions akwai Convert codepage. Ka zaɓi na Larabci, rubutun ya miƙe nan take. Daga nan na saita manhajar ta riƙa rubuta sabon tsari, ID3v2.3, da UTF-16 mai ɗaukar haruffan Larabci da na Hausa duka, ta kuma goge ID3v1 gaba ɗaya. Na san 2.4 ya fi sabunta, amma rediyon mota da yawa ba sa karanta shi, ni kuwa a kan hanyar Makka na fi sauraro. A kwafe komai a wani wuri kafin a taɓa.

Manhajar MusicBrainz Picard fa? Tana sauraron sautin ta gane waƙa ta hanyar AcoustID, wato tsarin gane waƙa daga sautinta, kuma manyan mawaƙan Masar ba sa yi mata wuya. Amma in ka ba ta kiɗan kotso ko kalangu da aka juyo daga kaset, sai ta yi tsit, ko ta liƙa masa sunan wani baƙo. Waɗannan da hannu ake yi, ba makawa.

A nan na kafa ƙa'ida: mawaƙi ɗaya, suna ɗaya. In ka bar Alhaji a wannan fayil, Dakta a wancan, Marigayi a na uku, kwamfuta mutum uku take ƙirgawa. Na kwashe laƙabi duka zuwa gurbin Comment, tare da sunan wanda aka yi wa waƙar, tunda da shi aka fi neman waƙar fada. Sunan fayil kuma %artist% - %title% ya wadatar.

Saura na WhatsApp, waɗanda sunansu ya fara da AUD ya ƙare da WA da lamba, ba mawaƙi ba take. Na ware su waje guda. Ranar Juma'a bayan la'asar zan kunna wa Baffa, shi da jin shigar amshi ya san ko na wane ne.